Sharhi a kan hanyar samar da keɓaɓɓun kalmomin kimiyya da na kwamfuta a Hausa: misali daga Damagaram

1. Gabatarwa

A shekarar 1973 ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko a unguwar Zango ta birnin Damagaram, inda yara suka fara karatun boko da Hausa kafin su shiga Faransanci. Daga baya gwajin ya haɗa da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci, kuma cibiyar INDRAP ta Yamai ta ɗauki nauyin shirya littattafai. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan gida a makaranta, a 1999 aka daidaita ƙa'idojin rubutunsu, sannan a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Ke nan tambayar yadda za a koyar da lissafi da kimiyya da ilimin kwamfuta da Hausa ta wuce fagen gwaji.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi suka a kan hanyar da aka saba bi wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi, a Nijar da Nijeriya baki ɗaya, wato jeri mai gida biyu: kalmar Faransanci ko ta Ingilishi a hagu, ta Hausa a dama, bisa tsarin abacada. Ra'ayinmu shi ne wannan hanya ta wadatar ga sunayen abubuwa, amma ta gaza ga ma'anonin da ilimin kansa ya ginu a kansu.

2. Inda jerin ya gaza

Sunan abu ba ya ba da wahala. In an ce allo, ko waya, ko batir, yaro ya ga abin ya riƙe sunan. Ma'anar tushe kuwa ba a ganinta da ido. Ana gane ta ne ta wurin bambancinta da maƙwabtanta, tsarin abacada kuma raba maƙwabtan yake yi, ya jefa ɗaya a shafi na 12, ɗaya a shafi na 40. Mai fassara yana ba kowace kalma amsar da ta fara zo masa, ba tare da ya lura ya riga ya ba wata wannan amsa ba. Ga misalai huɗu.

(1) Ƙarfi. Faransanci ya bambanta « force », « énergie » da « puissance », kowace da ma'auninta: newton, joule da watt. A maganar yau da kullum duka ukun ƙarfi ne. Gidajen rediyo sun ɗauki makamashi domin ta biyu, alhali asalin makamashi shi ne abin da ake hura wuta da shi, kamar itace ko kara. Da aka zo ga hasken rana, fannin da marigayi Abdou Moumouni ya yi wa hidima a ofishin ONERSOL, sai kalmar ta kasa, domin babu abin da ke ƙonewa a cikin farantin.

(2) Nauyi. Ita ma tana ɗauke da « masse » da « poids ». Buhun hatsi mai kilo 100 yana nan a kilo 100 ko a duniyar wata, amma jan da ake yi masa zuwa ƙasa, wanda ya kai kimanin newton 980 a nan, zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin shida. Ɗalibin da ke da kalma guda ba zai iya faɗin wannan jimla ba tare da ya ƙaryata kansa ba.

(3) Aiki. Kalmar « fonction » tana nufin muƙamin ma'aikaci, don haka mai jeri yakan rubuta aiki. Amma « travail » na ilimin fizik ma aiki ne, kuma « fonction » ta lissafi da ta tsara manhajar kwamfuta ba ta da alaƙa da ko ɗaya daga cikinsu.

(4) Adadi da lamba. Larabci ya ba mu adadi, Ingilishi ya ba mu lamba, muna kuma musanya su yadda muka ga dama. A ilimin kwamfuta wannan sakaci yana da tsada, domin darasin farko shi ne adadi guda yana iya samun rubutu iri-iri: goma sha uku ana rubuta shi 13 da alamomi goma, ana kuma rubuta shi 1101 da alamomi biyu rak. Wanda bai raba adadi da alamar rubuta shi ba, wannan darasi ya wuce shi.

Wata matsalar ita ce kalmar da ke koyar da kuskure. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi daɗi a baki, amma tana sa ɗalibi ya zaci injin tunani yake yi, alhali umurni yake bi ɗaya bayan ɗaya. Faransawa da kansu sun tsaya a kan wannan batu: a 1955 kamfanin IBM ya nemi shawarar Jacques Perret, malamin Latinanci a Sorbonne, shi kuma ya ba da « ordinateur », wato mai tsarawa. A nan aron kwamfuta ya fi ƙirƙirar lafiya, saboda kalmar aro ba ta zuwa da wata ma'ana da za a sha wahalar gogewa.

3. Abin da jerin ya manta

Kuskure na biyu ya fi na farko girma. Jerin yana farawa daga harshen baƙo, kamar dai Bahaushe bai taɓa lissafi ba sai da Faransawa suka shigo Damagaram a 1899. Ga shi kuwa akwai wurare uku da ake wannan tunani da Hausa tun da daɗewa.

Na farko kasuwa ce. Duk yarinyar da ke talla a Birni ko a Zango ta san dala ɗaya faran 5 ce. In ta ga 750 a rubuce, za ta ce dala ɗari da hamsin, in ta ga 1000 ta ce jika. Tana da ƙa'ida guda wadda, ko wane adadi aka ba ta, amsa ɗaya tak take fitarwa. Ma'anar « fonction » ke nan. Biyar ɗin ba ta motsi, kuɗin kayan kuwa yana sauyawa, wannan kuma shi ne bambancin « constante » da « variable ». Yarinyar ta riga ta mallaki ma'anar, suna kawai ya rage.

Na biyu zauren malamai ne, inda ake karanta babin gado a Risala. Daga can muka sami rubu'i, sulusi, sudusi da sumuni. A ɗauki matar da ta rasu ta bar miji da ƴan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye. Miji yana da rabi, su kuma sulusi biyu. Malam zai nemi asalin mas'ala, ya sami 6, ya ba miji 3, ya ba su 4. Jimla ta zama 7, ta zarce asali, sai ya yi aulu, ya raba dukiyar gida 7. Matakai ne sanannu, masu iyaka, waɗanda kowa ya bi su zai isa amsa guda. Abin da ake kira « algorithme » ke nan, kalmar da ta fito daga sunan al-Khawarizmi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9. Haka kuma « chiffre » da « zéro » tushensu ɗaya da sifirin da muke da shi. A wannan yanki ma, Muhammad ibn Muhammad al-Kashnawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin cika hatimi ta yadda jimlar kowane layi za ta zo daidai.

Na uku makarantar allo ce, kuma ita ce hujjar da ta fi ƙarfi. A fannin nazarin harshe, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tattara kalmominsa a Hausa Metalanguage a 1990, baƙi da wasali sun zauna ba tare da gardama ba, domin almajirai sun daɗe suna babbaƙu da farfaru, kuma kalmomin biyu tare suka zo, kowace tana iyakance ƴar'uwarta.

Ba muna cewa duk abin da kimiyya ke buƙata yana kasuwa ko zaure ba. Tiya ma'aunin cika ce, ba za ta raba mana « masse » da « poids » ba. A irin wannan wuri dole a ƙirƙira ko a ara.

4. Kammalawa

Shawararmu uku ce. Da farko, a bar tsarin abacada, a riƙa ɗaukar ma'anoni gida-gida, ta yadda ba za a yanke hukunci a kan ƙarfi ba sai ƴan'uwanta biyu suna kan tebur. Na biyu, a rubuta bayanin ma'ana da Hausa, da misali, kafin a zaɓi suna. Kwamitin da ya kasa rubuta bayanin bai kai ga zaɓen suna ba tukuna. Na uku, a zaunar da malamin fizik da na lissafi da malamin gado da mai nazarin harshe wuri guda, daga ɓangarorin iyaka biyu, domin kada ɗan Damagaram da ɗan Kano su ƙare da kimiyya biyu a harshe ɗaya. Tun 2010 Damagaram tana da jami'arta, makarantar Zango kuma ta haura shekara hamsin da kafuwa. Ya kamata a fara tambayar malaman da suka koyar a irin waɗannan azuzuwa kalmomin da yara suka riƙe da waɗanda suka yar, kafin a buga wani sabon jeri.