Hali Zanen Dutse: Dangantakar Zubi da Taurari a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1933, lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wannan fanni na adabin Hausa yake ta bunƙasa. Gasar ta haifar da littattafai biyar, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Daga shekarun 1980 kuma matasa maza da mata suka shiga wallafa wa kansu littattafai, musamman a Kano, har aka kawo yau da ake rubuta labarai kashi-kashi ana karantawa ta wayar hannu.

Sai dai duk da wannan yawa, akwai wata matsala da mai nazari yake yawan cin karo da ita. Labari yakan fara da armashi, ya tara rikici iri-iri, amma idan an zo warwara sai marubuci ya nemi agaji daga waje: haɗarin mota ya kashe mugu, ko gado ya faɗo wa talaka, ko mafarki ya tona asiri. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tushen matsalar shi ne raba zubi da taurari, alhali ingantaccen zubi daga halin tauraro yake tsirowa. Za a kafa hujja da littattafai huɗu, sannan a nuna wa marubuci wuraren da zai nemi kayan aiki.

2.0 Ma'anar Zubi da Tauraro

Zubi shi ne yadda marubuci ya ƙulla abubuwan da suka auku a labari, ta yadda wani zai zama sanadin wani. Taurari kuwa su ne mutane ko dabbobi ko aljanun da aka ɗora wa ayyukan labarin. Masanin falsafar nan na Girka, Aristotal, ya fifita zubi a kan hali a nazarinsa na wasan kwaikwayo. Shi kuwa marubucin Ingila E. M. Forster, a littafinsa na 1927, ya bambance jerin aukuwa da zubi, inda ya nuna cewa dalili shi ne ya raba su. Haka kuma ya kasa taurari gida biyu: mai fuska ɗaya, wanda ba ya sauya hali, da mai fuskoki da yawa, wanda zai iya ba mai karatu mamaki ba tare da ya saɓa wa hankali ba.

Alal misali, idan aka ce wani ɗan kasuwa ya ƙara aure, bayan shekara guda ya karye, an jera aukuwa biyu ne kawai. Idan kuwa aka ce ya ci bashi domin ya yi lefen da zai fi na abokin hamayyarsa, bashin nan kuma ya cinye jarinsa, to an sami zubi. Abin lura shi ne, dalilin da ya haɗa aukuwar biyu hali ne, wato son a sani. Ke nan da zarar an nemi dalili, sai a iske an koma ga tauraro.

Bahaushe yana cewa hali zanen dutse ne. Wannan karin magana tana iya sa a zaci tauraron Hausa tilas ya zama mai fuska ɗaya. Ba haka abin yake ba. Zanen da ke jikin dutse yakan ɓuya a ƙarƙashin ƙura, sai ruwa ya doke shi yake fitowa. Aikin zubi shi ne ya zama ruwan nan, ya matsa wa tauraro har sai ya yi zaɓin da zai bayyana abin da ke ransa.

3.0 Zubi Iri Biyu

3.1 Ruwan Bagaja

A cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, dalilin tafiyar Alhaji Imam yana da ƙarfi. An muzanta Liman a fada domin ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki, sai Alhaji ya fita neman ruwan domin ya wanke wannan wulaƙanci. Amma tsakanin fitarsa da komowarsa, labarin jerin gamo ne, galibi tsakaninsa da Malam Zurƙe, yau wannan ya cuci wancan, gobe wancan ya rama. Za a iya ɗauke wasu daga cikin waɗannan gamo, ko a sauya musu wuri, ba tare da ƙarshen labarin ya girgiza ba. Wannan shi ne zubi mai kama da carbi, kuma gado ne daga tatsuniya da hikayoyin Larabawa.

Abin da ya riƙe littafin shi ne raha da gwanintar harshe, da kuma kasancewar mai karatu ya san halin mutanen biyu, yana ɗokin ganin wace dabara za ta biyo baya. Marubucin da ya ari irin wannan zubi ba tare da yana da bakin Imam ba, sai ya tarar da tsakiyar littafinsa ta yi sanyi, domin babu abin da ke tilasta babi na biyar ya biyo bayan na huɗu.

3.2 Jiki Magayi

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya bi wata hanya dabam. Malam Shehu, attajirin da bai sami haihuwa ba, ya yi amfani da dukiyarsa ya auri Zainabu wadda Abubakar yake so. Abubakar ya ƙudura ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, ya sha wuya kafin ya samu, sa'an nan ya juya shi kan Kyauta, ɗan da aka haifa a wannan aure. Kyauta ya tashi ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa ba da sanin shi ne ba. A nan kowace aukuwa 'yar wadda ta gabace ta ce, kamar zoben sarƙa. Idan aka cire kwaɗayin Malam Shehu, ko ƙullacin Abubakar, labarin ya rushe.

Duk da haka akwai inda zubin ya raunana. Tun da asiri ne ya lalata Kyauta, ba shi da zaɓi a cikin ɓarnar da yake yi, don haka mai karatu yana tausaya masa ne kurum, ba ya auna shi. Nauyin labarin yana wuyan Abubakar, wanda aka zalunta, ya kuma zaɓi ya huce a kan yaron da bai ji ba bai gani ba. Darasin da ke nan shi ne, tsafi ko aljani ba laifi ba ne a labari, matuƙar mutum ne ya nemo shi da ƙafarsa, ya kuma biya farashinsa.

4.0 Wanda Ake Yi Wa da Wanda Yake Yi

4.1 Shaihu Umar

Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa yana ɗauke da sunan Umar, kuma shi ne mai ba da labari ga almajiransa a Rauta. To amma a mafi yawan labarin, yi masa ake yi. An sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka kai shi ƙasar Masar, ya yi karatu ya zama malami. Wadda take yanke shawara ita ce mahaifiyarsa. Ita ce ta bar gida ta bi sawun ɗanta, aka bautar da ita, aka ƙetara hamada da ita har Tarabulus, inda suka sadu gab da rasuwarta. Ba abin mamaki ba ne da ya kasance ɓangarenta ne ya fi taɓa zuciya. Wannan yana nuna cewa yawan ambaton tauraro ba shi ke ba shi nauyi ba. Wanda yake da buƙata, ya kuma yi asara a kan neman ta, shi ne mai jan zaren labari.

4.2 Alhaki Kuykuyo Ne

A wannan littafi na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi a 2012, Alhaji Abdu ya auro Delu, ya wofintar da uwargidansa Rabi mai 'ya'ya tara, har ya kore ta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, ta aurar da 'yarta Saudatu. Daga baya gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, duniya ta juya masa baya. Ita gobarar daga waje ta zo, ba halinsa ne ya kunna ta ba, kuma ana iya ganin ta a matsayin hukuncin da sunan littafin ya yi alkawari. Da a nan aka tsaya, da labarin ya zama wa'azi kawai. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne, gobarar ta jefa Rabi cikin sabon zaɓi mai ɗaci, domin an matsa mata ta koma ga mutumin da ya wulaƙanta ta, bayan ta ɗanɗani tsayuwa da ƙafarta. Daga nan za a iya fitar da ƙa'ida: ƙaddara tana da izinin ƙulla rikici ko tsananta shi, amma warwararsa haƙƙin taurari ne.

5.0 Rumbun Marubuci

Marubucin Hausa yana da rumbu huɗu a kusa da shi. Na farko shi ne tatsuniya. Tarin da Frank Edgar ya wallafa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, makaranta ce ta koyon taƙaita labari da maimaita aukuwa sau uku tare da ƙarin tsanani. Gizo kansa misali ne na tauraron da kwaɗayinsa ke haifar da duk abin da ya same shi.

Na biyu shi ne tunanin Bahaushe game da mutumin kirki. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974, ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Yawancin marubuta sukan tara wa tauraro ɗaya dukkansu, su hana wa abokin gabarsa ko ɗaya. Abin da ya fi amfani shi ne a gwara biyu daga cikinsu a zuciyar mutum guda. Amaryar da ta ga surukarta tana cutar marayan gida, kunya tana ce mata yi shiru, gaskiya tana ce mata yi magana. Dillalin da aka ba ajiya, ga mahaifiyarsa kwance a asibiti, amana da jinƙai ne suke ja-in-ja a ransa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa littafi, ba tare da an nemo mugu ko ɗaya ba.

Na uku shi ne karin magana da kirari. Sunayen littattafai da dama karin magana ne, kamar Jiki Magayi da Kitsen Rogo da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Haɗarin da ke ciki shi ne marubuci ya mai da taurari bayin karin maganar, ya ja su da ƙarfi zuwa ga hukuncinta. Ya fi kyau ya ɗauke ta a matsayin tambayar da labarin zai gwada.

Na huɗu shi ne kunne. Zaman kotu da rumfar kasuwa da tashar mota da gidan biki, nan ake jin yadda mai ƙara yake tsara kokensa, da yadda kishiya take habaici. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 za su taimaka wajen tantance kalma, amma ba za su koyar da yadda tsohuwa take kauce wa sunan ɗan farinta ba.

6.0 Ma'aunai Huɗu

Daga abin da ya gabata, ana iya ba marubuci ma'aunai huɗu da zai gwada rubutunsa da su kafin ya kai maɗaba'a:

(a) Me babban tauraro yake so, kuma me zai rasa idan bai samu ba?
(b) Idan aka cire wannan babi, ko akwai abin da zai lalace a gaba? In babu, babin kaya ne.
(c) Wa ya warware rikicin, tauraro ko haɗari?
(d) Idan aka rufe sunaye, ana iya gane mai magana daga kalamansa?

Ma'auni na biyu ya fi shafar masu rubutu kashi-kashi, domin buƙatar riƙe mai karatu kullum takan sa a yi ta ƙara kishiyoyi da makirce-makirce waɗanda ba a shirya musu mafita ba. Maganin wannan shi ne marubuci ya san zaɓin ƙarshe da tauraronsa zai yi tun kafin ya saki kashi na farko.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa zubi da taurari ba a gina su dabam-dabam. An ga yadda harshe ya ceci sakakken zubi a Ruwan Bagaja, da yadda ƙullaci ya ɗaure Jiki Magayi, da yadda mahaifiyar Umar da Rabi suka ɗauki nauyin labaransu saboda su ne aka sa a gaban zaɓi. Ya kamata malaman da ke koyar da ƙagaggun labarai su rage raba jigo da zubi da taurari kamar ba su san juna ba, su riƙa tambayar ɗalibi dalilin kowace aukuwa da wanda ya jawo ta. Akwai kuma buƙatar a faɗaɗa irin wannan nazari zuwa ga labaran da ake rubutawa kashi-kashi a yau, da gajerun labaran gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, domin a ga yadda tsawo da gajarta suke shafar ginin tauraro.