Daga Kallo Zuwa Shiga Ciki: Nazarin Fasahar Sarari a Zangunan Akara

1.0 Gabatarwa

Masana tarihin fasaha na Turai sukan nuna cewa fasaha ta taso ne daga hoton da ake rataye wa a bango ana kallo daga nesa, har ta kai ga aikin da mai kallo ke shiga cikinsa ya kewaye shi ta ko'ina. Sukan kafa hujja da zanen zagaye wanda Robert Barker ya yi wa rajista a Ingila a 1787, da ɗakin madubai na Yayoi Kusama na 1965, da zauren Atelier des Lumières da aka buɗe a Paris a 2018, inda ake haska zane a bango da daɓe. Wannan takarda za ta auna wannan ra'ayi da abin da ke faruwa a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Akara, domin a ga ko ma'aunin ya dace da fasahar Bahaushe.

2.0 Tushen Al'amarin

Fataucin goro zuwa Gwanja shi ne babban abin da ya kai Hausawa ƙasar da ake kira Gana a yau. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake da malamai suka watsu, zanguna suka ƙaru a kudu. Daga cikin malaman akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Karachi har ya rasu a 1934. Waƙoƙinsa na ajami, kamar Waƙar Nasara, an tsara su ne domin a rera a gaban jama'a, kunne ya ji, baki ya haddace.

Haka sauran fasahohin da fatake suka bari a gida suke. Ɗan kallon Tashe shi ne ɗan amshi, shi ne kuma mai ba da sadaka. A hawan Salla, doki da algaita da ƙura da guɗa duk a kan mutum suke sauka. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, sai an shiga ƙarƙashin bakan gizonsa ake gane gwanintarsa. Ke nan Bahaushe bai fara da tsayawa nesa ba. A tsakiyar dandali ya fara.

3.0 Misalai Uku

Na farko shi ne bikin Salafest wanda ƙungiyar mawaƙan VIP, 'yan asalin Nima, ta saba shiryawa a kan titi lokacin Salla. A nan titin da kowa ke bi kullum shi ke zama dandali, kuma iyakar mawaƙi da mai sauraro takan ɓace. Wannan ci gaban tsohon tsari ne, sai dai amsa-kuwwa ta maye gurbin kalangu.

Na biyu shi ne zanen bango na matasan ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art da mai zane Moh Awudu, ɗan Nima. Ƙarfin wannan aiki shi ne ba ya jiran a zo masa. Mai sayar da koko da ɗan makaranta suna ratsa shi safe da yamma ba tare da tikiti ba. Haka kuma yana mai da martani ga sunan da aka daɗe ana laƙaba wa unguwar na cunkoso da rashin tsaro. Rauninsa kuwa shi ne fenti ba ya jure damina da hayaƙin mota, kuma zanen da aka yi domin ya burge baƙo mai kamara yakan zama ado kawai.

Na uku shi ne aikin Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a Tamale a 1987. Yakan tara tsofaffin buhunan da aka zuba 'ya'yan koko a ciki, daga baya aka mai da su na gawayi, a ɗinke su a lulluɓe gini. Ya yi haka a baje kolin Venice a 2015, ya kuma lulluɓe Babban Zauren Wasanni na Ƙasa da ke Akara a 2016. Mahama ba ɗan Nima ba ne, amma buhun nan kowane mazaunin zango ya san shi a kan 'yan dako. Mai wucewa yana jin warinsa, yana ganin tambarin 'yan kasuwa da faci a kan faci. Duk da haka akwai abin dubawa: sunan mutum ɗaya ne ke fita duniya, alhali hannaye da yawa ne suka riƙe basilla.

4.0 Tsokaci

Idan aka jera misalan nan za a ga cewa shiga cikin aiki iri biyu ne. A zauren Paris mutum yana biyan kuɗi, haske ya rufe shi, ya fito bai ƙara wa aikin komai ba. A dandalin zango kuwa, idan babu 'yan amshi babu wasa. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa ɗalibi ya yi wa kowane aiki ita ce: idan aka cire jama'a, me zai rage? Da wannan ma'auni bikin titi ya fi zanen bango kusa da tushe, zanen bango kuma ya fi zauren tikiti.

5.0 Kammalawa

An ga cewa labarin tafiyar fasaha daga kallo zuwa shiga ciki tarihin Turai ne, kuma bai kamata a ɗora shi a kan zango ba tare da gyara ba. Abin da ke sabo a Nima da Mamobi shi ne kayan aiki, wato fenti da na'ura. Aikin da ke gaban ɗalibai shi ne su je fili su naɗi abin da mazauna unguwa ke faɗa a kan waɗannan ayyuka da irin Hausarsu ta Gana, domin gani ya kori ji.