Shin Gani Ya Kori Ji? Nazari a Kan Hotunan Tafiye-tafiyen Kyaftin Cook

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Sai dai wanda ya zauna da tsoffin hotunan da aka buga a littattafan tafiye-tafiyen Kyaftin James Cook zai yi wa wannan karin magana tambaya guda: ganin wa? Wannan nazari yana da ra'ayin cewa waɗannan hotuna sun fi kusa da labarin da ya bi bakuna da dama fiye da shaidar wanda ya gani da idonsa.

Dalili na farko yana cikin yadda ake yin su. A ƙarni na 18 babu kyamara. Mai zanen da ke cikin jirgin ruwa shi yake zana abin da ya gani a takarda. Idan an dawo Landan, sai wani gwani ya gyara zanen, sannan wani ya karce shi da tsinken ƙarfe a kan farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna a kan takarda. Hannu uku ke nan, kuma biyu daga ciki ba su taɓa ganin ƙasar da suke zanawa ba.

Misali mafi bayyana shi ne na mutanen Tierra del Fuego, a can ƙarshen kudancin nahiyar Amurka. A watan Janairun 1769, Alexander Buchan, ɗaya daga masu zanen jirgin Endeavour, ya zana su a tsugune cikin bukkarsu suna jin ɗumin wuta, babu ado, babu ƙawa. Buchan ya rasu a Tahiti a watan Afrilun wannan shekara. Da za a buga littafin John Hawkesworth a 1773, sai Giovanni Cipriani ya sake zanen, Francesco Bartolozzi kuma ya karce shi. Mutanen da sanyi ya takura suka fito da fata sumul da zama na ƙasaita, kamar gumakan tsohuwar Girka. An ƙawata su, amma an raba su da kamanninsu, domin mai sayen littafi a Ingila yana son ya ga mutanen da wayewa ba ta ɓata ba, ko da a takarda ne kawai.

Hannun da ya ƙawata baƙo shi ne kuma ya wanke ɗan gida. An kashe Cook a gaɓar Kealakekua da ke Hawai ranar 14 ga Fabrairu, 1779, bayan ya yi yunƙurin tafiya da sarkin tsibirin a matsayin garkuwa saboda wani kwalekwale da aka ɗauke. Amma a hoton John Webber da aka buga a 1784, Cook ya juya wa taron baya, ya ɗaga hannu kamar mai hana mutanensa harbi, ga wani yana shirin soka masa wuƙa. Mai kallo yana ganin cin amana, ba ya ganin abin da ya jawo faɗan.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da hotunan. Zanen da Sydney Parkinson ya yi na fuskokin Maori da tsagarsu, alal misali, yana da daraja har yau ga masu binciken tarihi. Abin da ya wajaba shi ne ɗalibin adabi ya karanta hoto kamar yadda yake karanta ƙagaggen labari: wa ya tsara shi, don wa, me ya bari a waje? Waɗanda aka zana ba a nemi ra'ayinsu ba, kuma farantin jan ƙarfe ɗaya yana iya fitar da ɗaruruwan kofe. Idan muka karɓi hoton ba tare da bincike ba, mun ƙara namu hannu a kan ukun farko.