Jinjina ga Masarautar Katagum

Masarautar Katagum ta cancanci jinjina tun daga tushenta. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa ta a bakin iyakar Borno, ya kai yaƙi har Ngazargamu. Sunansa ne ƙaramar hukumar Zaki ke ɗauke da shi a yau. A 1824 Bature Clapperton ya sauka a garin Katagum ya tarar da birni mai ganuwa da kasuwa. A 1916 aka mayar da gadon sarauta Azare.

Aikin fada kuwa, sai ka je da hantsi ka gani. Dogarai cikin jajayen riguna suna tsaye a ƙofa, dagaci ya kawo manomi da makiyayi kan ɓarnar gona, a saurari kowa, a yi sulhu, a watse ba tare da an je kotu ba. Marigayi Sarki Muhammadu Kabir Umar ya riƙe wannan amana daga 1980 zuwa 2017.

Allah ya ja zamanin Sarki Umar Faruq na biyu, ya ƙara wa ƙasar Katagum zaman lafiya.