Iyon ƴaƴan kifi da cutar Parkinson: sharhi a kan wata hanyar bincike

Tun daga 1981, lokacin da George Streisinger na jami'ar Oregon ta Amurka ya wallafa aikinsa a kan ɗan kifin nan mai zane-zane, Danio rerio, kifin ya samu gindin zama a ɗakunan bincike. Yana da arha, yana hayayyafa da yawa, kuma a 2013 aka nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwarori a jikinsa. Manufar wannan taƙaitaccen sharhi ita ce duba wani gwaji da ake yi da ƴaƴansa.

Ga yadda gwajin yake. Ana zuba ƴaƴan kifin masu kwana 5 zuwa 7 cikin faranti mai gurabu 96, kowane da gurbinsa. Tun kafin nan an ba su MPTP, gubar da aka gano a Kaliforniya a 1982 tana haddasa alamun cutar Parkinson ga mutane ta hanyar kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin. Daga nan kyamara ta riƙa auna nisan iyonsu cikin haske da duhu. In iyon ya ragu, sai a ce an kwaikwayi cutar.

A ganinmu, a nan ne gizo ke saƙar. Na farko, raguwar iyo ba ta faɗin dalilinta: raunin tsoka, ko na ido, ko na zuciya, duk suna iya kawo ta. Na biyu, cutar Parkinson ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, tana cin jiki sannu a hankali. Ɗan kifi mai kwana 5 kuwa ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba. Na uku, wannan kifi yana iya sake tsiro da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu, abin da ɗan Adam ba ya yi sai kaɗan. Ke nan in iyo ya dawo bayan an ba da magani, ba lalle ne maganin ya yi aikin ba.

Wannan bai soke amfanin gwajin ba. Rariya ce mai tankaɗe ɗaruruwan magunguna cikin ƴan kwanaki. Amma wajibi ne mai bincike ya ƙirga ƙwayoyin dofamin da kansu, ya kuma maimaita gwajin a kan dabba mai shayarwa, kafin ya ambaci maras lafiya a cikin sakamakonsa.