Nazari a kan Kyaftin ɗin 'Yan Fashin Teku na Disneyland

1.0 Gabatarwa

Galibin masu nazarin adabi sukan tsaya ne a kan abin da aka rubuta a littafi, ko aka rera da baki, ko aka yi wasansa a dandamali. Amma akwai wani irin ƙagaggen labari wanda ake gina shi da katako da ƙarfe da ruwa, mai kallo ya shiga cikinsa da jikinsa. Irin wannan shi ne zagayen kwalekwale da ake kira Pirates of the Caribbean, watau 'Yan Fashin Tekun Karibiyan, wanda aka buɗe ran 18 ga Maris, 1967, a dandalin shaƙatawa na Disneyland da ke garin Anaheim, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka. Shi ne aiki na ƙarshe irin wannan da Walt Disney ya sa ido a kan tsara shi, don ya rasu cikin Disamba, 1966, wata uku kafin buɗewar. Daga baya an gina irinsa a Fulorida cikin 1973, da Tokiyo cikin 1983, da kusa da birnin Faris cikin 1992.

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi tauraro guda daga cikin taurarin wannan labari, watau kyaftin ɗin jirgin 'yan fashin, a ga yadda aka siffanta shi da farko, da yadda aka sāke shi daga baya, da kuma abin da sākewar ta yi wa jigon labarin.

2.0 Zubi da Tsarin Labarin

Da farko an yi niyyar a yi wurin tamkar gidan tarihi, a jera gumakan kaki mutane su riƙa kewayawa a ƙasa. Sai aka sāke shawara, aka sa masu kallo cikin kwalekwale, aka maye gurbin gumakan da mutum-mutumi masu motsi da magana ta hanyar na'ura. Marc Davis ne ya zana taurarin, Claude Coats ya tsara wuraren, X Atencio ya rubuta zantuttukan da baitocin waƙar, George Bruns kuma ya yi mata kiɗa. Tafiyar takan ɗauki kimanin minti 15.

Babbar hikimar zubin ita ce an fara da ƙarshen labari. Kwalekwalen yakan gangara cikin duhu ya faɗa wasu koguna, inda ba kowa sai ƙwarangwal. Wani yana riƙe da akalar jirgin da ya riga ya farfashe, wani yana ɗaɗɗakar barasa tana zuba ta tsakanin haƙarƙarinsa, wani yana zaune bisa tsibin zinariya wadda ba ta da sauran amfani gare shi. A nan ne ake ganin ɗakin kyaftin: ƙwarangwal kishingiɗe bisa gado na alfarma, yana duban taswira da gilashin ƙara girman rubutu, har yanzu yana neman dukiya. Bayan an wuce waɗannan ne ake komawa baya, a iske 'yan fashin da ransu, suna cin wani gari na Sifaniyawa da yaƙi, suna nitsa magajin garin a rijiya don ya faɗi inda dukiya take, suna cinna wa gidaje wuta. A ƙarshe ga su a buge cikin ma'ajiyar makamai, suna harbe-harbe kusa da gangunan albarushi.

Da haka mai kallo yakan shiga shagalin 'yan fashin alhali ya riga ya san makomarsu. Duk dariyar da zai yi, hoton ƙasusuwan nan yana bayanta. Jigon dai shi ne abin da Bahaushe ya ce: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. An kuwa isar da shi ba tare da wa'azi ko jimla ɗaya ba, tsarin wuraren kaɗai ya ɗauki nauyinsa.

3.0 Kyaftin na Farko

Da kwalekwale ya fito daga kogunan sai ya sami kansa tsakanin ganuwar garin da wani babban jirgi mai suna Wicked Wench, igwa tana tashi ta kowane ɓangare, ruwa yana fantsama. A saman jirgin ga kyaftin tsaye, da baƙin gemu, yana kaɗa takobi yana daka wa mutanensa tsawa da muryar ɗan wasan nan Paul Frees. Ba a faɗa wa mai kallo sunansa ba, ko asalinsa, ko dalilin zuwansa, kuma kafin a ƙare masa kallo kwalekwale ya wuce.

Wani zai ɗauki wannan a matsayin rauni, ya ce tauraron da ba shi da tarihi bai cika tauraro ba. Amma a irin wannan fage rashin sunan ne ƙarfinsa. Mai kallo ba shi da damar tsayawa ko komawa baya, saboda haka dole a gane kowane tauraro a kallo ɗaya, kuma a wannan fanni Marc Davis gwani ne, don ya daɗe yana zanen majigin yara. Ban da haka, da yake kyaftin ba kowa ba ne, sai ya zama kowane azzalumin shugaba. Ba a ce shi ne ƙwarangwal ɗin da aka gani bisa gado ba, an bar wa mai kallo ya ƙulla wannan da kansa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama a zuciyarsa.

Siffar tasa ba daga sama ta faɗo ba. Gemun na Edward Teach ne, wanda aka fi sani da Blackbeard, ɗan fashin da sojan ruwan Ingila suka kashe a Ocracoke ran 22 ga Nuwamba, 1718. Cin garin Sifaniyawa kuwa ya fi kama da aikin Henry Morgan, wanda ya washe Portobelo cikin 1668 da Panama cikin 1671. Shi kuwa kaushin harshe da gurnani ya fi kusa da majigi bisa ga tarihi, don Robert Newton ne ya yayata shi a fim ɗin Treasure Island da kamfanin Disney ya yi cikin 1950. Ashe kyaftin ɗin haɗe-haɗe ne na zamani daban-daban, an ɗinke su wuri guda.

4.0 Sākewar 2006

Cikin 2003 aka fitar da fim ɗin The Curse of the Black Pearl, wanda aka gina bisa wannan zagaye, ya kuwa sami karɓuwa ƙwarai. Sai reshe ya juye da mujiya: cikin 2006 aka gyara zagayen don ya dace da fim ɗin. Aka sauke tsohon kyaftin daga jirginsa, aka ɗora Kyaftin Barbossa da muryar Geoffrey Rush, aka kuma saka Kyaftin Jack Sparrow, mai kamar Johnny Depp, a wurare uku. Tun daga nan dalilin harin ya sāke. Masu nitsa magajin gari a rijiya sai suka koma tambayarsa inda Jack yake.

Babu shakka Jack Sparrow tauraro ne mai ɗaukar hankali. Wanda ya tashi da tatsuniya zai gane shi nan take, don halinsa na Gizo ne: ba ƙarfi, ga tsoro, ga daɗin baki, ga kwaɗayi, kullum yana kuɓuta ta hanyar wayo. Sai dai Gizo yakan sha kunya a tatsuniyoyi da dama, shi kuwa Jack ba ya shan ta a wannan zagaye. Abin da mai kallo yake gani a ƙarshe yanzu shi ne Jack zaune a kujera tsakiyar dukiyar garin, yana lilo yana waƙa, lafiya lau. A farkon tafiya an nuna wanda ya hau tsibin zinariya ya zama ƙasusuwa, a ƙarshenta kuma an nuna wanda ya hau ya ci riba. Ƙarshen ya ƙaryata farkon. Ta fuskar ciniki gyaran ya biya, tun da yara suna zuwa neman fuskar da suka sani, amma ta fuskar jigo an yi asara, don an mai da gargaɗi ya koma kirari.

5.0 Abin da Aka Share da Abin da Ba a Taɓa Nunawa ba

Akwai wata ganga a cikin garin wadda tarihinta ya isa misali. A 1967 wata budurwa ce ke ɓoye a cikinta, ɗan fashin da ke nemanta yana zaune a gaba. A gyaran 1997 aka cire ta aka sa kyanwa, aka mai da mutumin mai neman abinci. A 2006 sai ga Jack yana leƙowa daga cikinta. Haka kuma wurin gwanjo, inda dā ake sayar da matan garin ɗaure da igiya don a aure su: an sāke shi a Faris cikin 2017, a Amurka cikin 2018, ya koma gwanjon kayan ganima, mace mai jan gashi da ake tayawa kuma ta zama 'yar fashi mai suna Redd, riƙe da bindiga.

Cire gwanjon matan daidai ne, don ba abin da za a koya wa yaro ya yi wa dariya ba ne. Amma ya kamata a lura cewa gwanjon mutane na gaskiya da aka yi a tsibiran Karibiyan ba a taɓa nuna shi a zagayen ba. Jirgin Blackbeard da ya yi suna, Queen Anne's Revenge, asalinsa jirgin bayi ne na Faransawa mai suna La Concorde. Ya ɗebi 'yan Afirka fiye da 500 daga Wida, a gaɓar ƙasar Benin ta yau, Blackbeard ya kama shi cikin Nuwamba, 1717, kafin ya isa Martinik. Mafi yawan waɗannan bayin Allah an bar su hannun Faransawan, aka ƙarasa da su Martinik aka sayar. Dukiyar da 'yan fashi ke farauta a wannan teku, da yawanta gumin bayi ne ya tara ta. Wanda ya ari gemun mutum ya bar jirginsa, ya zaɓi abin da yake so a tuna ne.

6.0 Kammalawa

Ba a ce wurin wasa ya zama ajin tarihi ba, kuma ba laifi ba ne a ƙagi tauraro don nishaɗi. Abin dubawa shi ne, miliyoyin mutane daga irin wannan wuri suke samun abin da suka sani game da fashin teku, ba daga littafi ba. Kyaftin na 1967, duk da aibin wasu wuraren da ke kewaye da shi, ya fi na yanzu gaskiya a kan abu guda: an nuna shi mugu, an kuma nuna inda mugunta ke kai mai ita. Gyare-gyaren da suka biyo baya sun rage ƙazantar laifin, sa'an nan suka ɗauke sakamakonsa, har aka wayi gari ɗan fashi ya zama gwarzon da yara ke layi don su ɗauki hoto da shi. Ƙwarangwal ɗin nan mai duban taswira yana nan bisa gadonsa a Anaheim, sai dai labarin da ke biye da shi ya daina ba shi gaskiya.