Harshen Da Babu Uwar Da Ta Yi Reno Da Shi

 Yau ba zancen miji ko na kishi na zo muku da shi ba, ko da yake in kun yi haƙuri za ku tarar har a nan ma kishiya ta leƙo. Zancen wani Bature ne ɗan ƙasar Ingila mai suna J.R.R. Tolkien, wanda aka haifa a 1892 ya rasu a 1973, shi ne marubucin The Hobbit na 1937 da The Lord of the Rings mai juzu'i uku da ya fito a 1954 da 1955. Da yawanku kun ga fim ɗin da aka yi da labarin tsakanin 2001 da 2003, kun kuma ji wasu dogayen mutane masu tsinin kunne suna wani yare mai zaƙi kamar ana waƙa. To 'yar uwa, wannan yare babu ƙasar da ake yin sa a duniya. Mutum ɗaya ne ya zauna ya ƙaga shi, kuma shi nake so mu ɗora a faifai mu ga tsakuwa mu ga tsaba.

Waɗannan halittu na cikin labarin ana ce musu Elf, ni kuwa zan kira su Elfawa don sauƙin baki. Kada ki ɗauka aljanu ne irin waɗanda muka sani, tatsuniya ce kawai ta marubuci. Manyan harsunansu biyu ne: Quenya, wanda ake furtawa Kwenya, shi ne na ilmi da waƙa da taron sarauta, sai Sindarin na maganar yau da kullum.

Ƙaga yare ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin wace ce a cikinmu ba ta yi zaurance ba don kada iyaye ko samari su gane? Shi ma Tolkien da irin wannan wasa ya fara tare da wasu 'yan mata danginsa yana yaro. Bambancin shi ne zaurance Hausa ce aka yi wa lulluɓi, in kin yaye mayafin Hausarki za ki gani. Shi kuwa da ya girma sai ya zama malamin tarihin harsuna, ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford a 1919 da 1920 yana tono asalin kalmomin Turanci masu farawa da harafin W, ya zama farfesa a jami'ar Oxford a 1925. Saboda haka da ya zo ƙaga nasa, wajen 1915, sai ya bi hanyar da ya ga harsunan gaskiya suna bi. Ya fara dasa saiwa, sa'an nan ya bar kalmomi su tsiro daga jikinta, kowane harshe da irin tasa karkatar.

Bari in ba ki misali ki ga yadda abin yake. Ya ce a tsohon harshen kakannin Elfawa sunan bishiya galada. Da jama'ar suka rabu, zamani ya yi nisa, sai masu Kwenya suka yar da harafin farko suka ce alda, masu Sindarin kuma suka yanke na ƙarshe suka ce galadh. Kalma ɗaya, 'ya'ya biyu. Haka nan duk inda Kwenya ke da sautin kw, Sindarin p take sawa: abin da muke kira kalma, can quetta ne, nan kuma peth. Wannan dabara ba daga kansa ya ƙago ta ba, haka ta faru da gaske a Turai, inda Latin ke ce wa huɗu quattuor, mutanen Wales kuma su ce pedwar. Mu ma ai muna da irinta a gida. Bakano ya ce zauna, Basakkwace ya ce zamna. Mu ce sauka, su ce sabka. Babu wanda ya zauna ya shirya haka, bakin mutane ne ya lanƙwasa kalmar a hankali. Gwanintar Tolkien ita ce ya kwaikwayi wannan lanƙwasa ta dubban shekaru shi kaɗai a kan teburinsa.

Amfanin wannan wahala a cikin labari kuwa a sunaye yake fitowa. In kin san mor duhu ne ko baƙi, dor kuma ƙasa, to kin fassara Mordor da kanki, ƙasar azzalumin sarki. In kin san gond dutse ne, Gondor ta zama ƙasar dutse. Minas hasumiya ce, tir kuma dubawa ko tsaro, sai ga Minas Tirith, hasumiyar tsaro, sai ga palantir, dutsen da ake hangen nesa da shi. Mith toka-toka ne, shi ya sa Elfawa ke kiran dattijo Gandalf da Mithrandir, wato matafiyi mai tufa ruwan toka. Kafin ki kai rabin littafin sai ki ji kin fara gane suna tun ba a fassara miki ba, kamar yadda in kin ji an ce Tanko kin san mata ya biyo, in an ce Gambo kin san tagwaye ya bi. A nan na sara masa, domin sunan da ke da asali yana sa mai karatu ya yarda garin yana nan, ko da kuwa ƙarya ce tsagwaronta.

Wani wurin ma har tarihi ya cusa a cikin kalma. Saiwar el ta tauraro ce, Kwenya ta ce elen. Ya ce lokacin da Elfawa suka fara buɗe ido a duniya babu rana babu wata, taurari suka fara gani, daga kiran mamakin da suka yi kalmar ta fito, shi ya sa ake ce musu Eldar, jama'ar taurari. Su kuma da kansu suka kira kansu Quendi, wato masu magana, don a lokacin ba su haɗu da wata halitta mai magana ba sai su.

Ga kuma inda na ce muku kishiya ta leƙo. A cikin wani rubutu nasa da ɗansa Christopher ya fitar a 1996, Tolkien ya bayyana dalilin da ya sa wata yake Ithil a Sindarin amma Isil a Kwenya. Wai jama'a ne suka fara mai da sautin th zuwa s, daidai yadda mu Hausawa muka mai da Uthman ya koma Usman. To akwai matar sarki Finwe mai suna Miriel, gwanar ɗinki da saƙa, ana yi mata laƙabi da Therinde, ita kuwa ta fi son tsohon furuci, musamman a sunanta. Ta rasu ta bar ɗa ɗaya, Feanor. Sarki ya auri Indis, ita kuma ta bi furucin jama'a na s. Shi ke nan sai Feanor ya ɗauki abin a matsayin wulaƙanta mahaifiyarsa, ya kafe a kan th, ya sa 'ya'yansa ma su riƙe, har harafi ɗaya ya zama tutar 'yan ubanci a gidan sarauta. Wallahi duk wadda ta tashi a gidan yawa ta san wannan ba ƙarya ba ce. Sau nawa ake gane ɗakin da yaro ya fito daga irin sunan da yake kiran matar ubansa da shi? A ganina wannan ɗan rubutu ya fi wasu yaƙe-yaƙen littafin nuna sanin halin ɗan Adam.

To amma kada yabo ya rufe mana ido. Abu na farko, ana yawan cewa daga iska ya ciro harsunan nan, alhali ba haka ba ne. Kwenya ta sha nonon harshen mutanen Finlan, wanda ya tsinci littafin nahawunsa yana ɗalibi, ta kuma ɗebo daga Latin da Girkanci. Har kalmomi akwai na aro: tul, zuwa, da anta, bayarwa, kusan haka suke a bakin mutanen Finlan. Sindarin kuwa ƙirar harshen Wales aka yi mata, har da yadda jam'i ke sauya wasali a cikin kalma, adan mutum ɗaya edain mutane, amon tudu emyn tuddai, kamar dai mu da doki da dawaki. Sunan Earendil ma daga wata tsohuwar waƙar Ingilishi ya ɗauko shi, daga baya ya ƙaga masa asali ya ce ma'anarsa masoyin teku. Aro ba laifi ba ne, mu ma littafi da alƙalami daga Larabci muka samo, kasuwa ta biyo ta hannun Barebari, bokiti da tebur na Turawa ne. Sai dai a faɗi gaskiya, zaƙin da ya zaɓa zaƙin kunnen mutumin arewacin Turai ne, ba wai haka kyakkyawan harshe yake a ko'ina ba.

Wannan ya kawo ni ga abu na biyu, wanda ya fi tsaya mini a rai. Mutanen kirki ya ba su harshe mai laushi cike da l da r da wasula, miyagu kuma ya ba su na maƙogwaro mai kaushi, ya kira shi baƙin harshe. Ga mor ɗin nan ta baƙi ta manne wa Mordor da Morgoth, uban miyagun duka. Na san mu ma muna cewa baƙin ciki da farin ciki, baƙar aniya da farar zuciya, don haka ba zan ɗora masa laifin da har da mu a ciki ba. Amma koya wa mai karatu cewa daga jin sautin bakin mutum za ka san halinsa, wannan darasi ne mai haɗari. Mun ga mai zaƙin baki da ya cuci yarinya, mun ga mai gargada a harshe da ya riƙe amana.

Abu na uku, ina matan suke? A The Hobbit babu mace ko ɗaya da ta buɗe baki ta yi magana. Abokan tafiya tara na The Lord of the Rings duk maza ne. Saboda haka kalmomin da suka samu shiga labari na taurari ne da takubba da hasumiyoyi da sarakuna. Za ki iya yi wa wata kirari da Kwenya, amma ki gwada yin cefane da ita, ko rarrashin yaro mai haƙori, ko yi wa maigida ƙorafin kuɗin makaranta, sai ki ji ta ƙafe. Shi ya sa masu sha'awar harsunan a yau suke ƙirƙiro sababbin kalmomi don cike giɓi, har wanda ya shirya maganganun fim ɗin, David Salo, sai da ya yi haka. Wuri ɗaya da na ga ya tuna da madafa shi ne gurasar guzuri da ake kira lembas, wadda ya ce mata ne ke yin ta, babbar mace a cikinsu ce ke ajiye ta ta kuma bayar, har ana kiranta massanie, mai ba da gurasa. Gurasa a Kwenya massa ce, amma kada wata ta ce daga masarmu ya ɗauka, kama da wane ba wane ba ne. Daga Turanci ya kwaikwayo tunanin, domin kalmarsu ta uwargida asalinta mai kwaɓa gurasa take nufi.

Na huɗu, bai taɓa gamawa ba. Kusan shekara 58 yana gyara yana sokewa. Harshen da ya zama Sindarin sau biyu yana sauya masa suna, ya kuma sauya masu shi, kalma guda kuma sai ki tarar da asali biyu ko uku gwargwadon shekarar da ya rubuta. Jerin saiwoyin da ya tara ma sai a 1987 aka buga shi, bayan rasuwarsa da shekara 14. Shi da kansa ya nuna cewa don harsunan ya gina labaran, ba don labaran ya yi harsunan ba, kuma a wasu shafuka ana jin haka, inda labari ke tsayawa cik ana jera sunaye kamar ana karanta salsalar sarakuna.

Duk da haka hukuncina shi ne aikin ya cancanci a duba, musamman mu masu rubuta littattafan Hausa da ku masu saye. Mutumin nan ya so kalmominsa har a kan kabarin matarsa Edith, wadda ta rasu a 1971, an rubuta Luthien, sunan jarumar labarinsa, nasa kuma aka sa Beren. Ya ƙare rayuwarsa yana nema wa kalmomin ƙarya kakanni, mu kuwa da muka gaji na gaskiya muna zubar da su a bola. 'Yan mata nawa ne yau suka san akushi da maburgi da mara da taskira? Mu marubuta kuma sai mu raɗa wa jaruma sunan da muka tsinta a fim don kawai ya yi daɗin faɗa, mu bar Kande da Azumi da Talatu waɗanda kowannensu labari ne sukutum. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 shafi fiye da dubu ne na kalmomin Hausa, kuma duk kalmar da ke ciki akwai bakin da ya furta ta a gida ko a gona ko a kasuwa, abin da Kwenya da duk kyanta ba ta taɓa samu ba.

Don haka 'yar uwa, in kin ji tsohuwa ta faɗi kalmar da ba ki sani ba, kada ki yi dariya ki ce ƙauyanci ne. Tambaye ta ma'anarta da inda ta samo ta, ki rubuta a bayan littafin cefane, ki kuma faɗa wa 'ya'yanki. Allah Ya sa mu dace, Ya bar zumunci. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.